Fili da Fandisho: Zaɓen Madabod Ga Mai Haɗa Kwamfutarsa da Hannunsa

Laccar da aka gabatar ga matasa masu koyon gyara da haɗa kwamfuta a Sabon Tasha, Kaduna

 

An nemi in yi magana a kan abu guda daga cikin kayan cikin kwamfutar tebur, wato faifan nan mai faɗi da ake dasa komai a kansa. A shago muna ce masa madabod, in muna sauri mu ce bod. Na ji wasu malamai na kiransa uwar allo, kuma sunan ya dace da shi, amma zan tsaya a kan wanda za ku ji a kasuwa, tunda da shi za ku yi ciniki.

Bari in fara da tuna mana inda muke zaune. Nan kusa da mu a Kakuri, tun 1975 aka fara haɗa motar Peugeot. Sassa su zo daga Faransa a akwatuna, 'yan ƙasa su ɗaura su, mota ta fito da ƙafarta. Ba na shakka a ɗakin nan akwai wanda da albashin wannan aiki aka biya masa kuɗin makaranta. In ka ƙetare gada ka shiga Panteka, za ka tarar da mutanen da sau ɗaya za ka nuna musu inji su ƙera maka irinsa. Don haka idan yaron Sabon Tasha ya ce zai sayi sassa ya haɗa kwamfutarsa da kansa, gado ya ɗauka, kuma ina bayansa. Abin da ke ci mini rai shi ne yawan kuɗin da ke salwanta a hanya saboda rashin sanin wasu abubuwa da ba su fi a faɗe su cikin awa guda ba.

A bara wani matashi daga Unguwar Boro ya shigo mini shago rungume da jaka. Wata bakwai ya yi yana tara kuɗi daga ɗaukar hoton biki. Ya sayi furosesa Core i5 zubi na 8 a hannun abokinsa, ya shiga gari ya ce a ba shi madabod mai soket, wato mazaunin furosesa, LGA1151, domin abin da ya gani a rubuce ke nan. Aka ba shi. Ya koma gida, furosesa ta zauna daram a mazauninta, ya ɗaura fanka, ya kunna. Monita ko ƙyaftawa. Kwana uku yana cirewa yana mayarwa. Da na duba sai na ga cifset ɗin bod ɗin, wato guntun da ke tsara zirga-zirgar bayanai a kansa, H110 ne. Kamfanin Intel ya yi soket iri ɗaya, mai allurai 1151, wa zuriya biyu da ba sa ga maciji: zubi na 6 da na 7 suna tafiya da cifset na jerin 100 da 200, zubi na 8 da na 9 kuma sai na jerin 300. Ya koma wurin mai kaya, aka ce masa kaya in sun bar shago sun bari ke nan. Yaron nan bai yi kuka a gabana ba, amma idonsa ya kawo ruwa. Tun ranar na ɗauki alkawari duk inda aka ba ni dama sai na yi wannan bayani.

To mene ne aikin madabod? Lissafi dai furosesa ke yi. Riƙe aikin da ke hannu na RAM ne. Ajiya ta SSD ce ko hadis. Shi madabod nasa shi ne ya ba kowa mazauni, ya raba musu wuta gwargwadon cikinsu, ya shimfiɗa musu hanyar da za su yi magana da juna. Idan ka ɗauki furosesa ɗaya ka sa a bod mai sauƙin kuɗi, ka cire ta ka sa a wanda ya ninka shi tsada sau uku, matuƙar na farkon yana iya ba ta wutar da take nema, saurin da za ka gani kusan ɗaya ne. Ku riƙe wannan da kyau, domin ta nan ake cin kuɗin mutane.

Wani zai ce, in haka ne me ya tara mu a kansa? Ku dubi yadda muke gina gida a wannan yanki. Mutum ya sayi fili a Kamazou ko Mahuta, ya zuba fandisho, ya dakata. Kuɗi ya shigo ya ɗora bulo zuwa linta. Shekara ta kewayo ya yi rufi, ya tare a ɗaki biyu, sauran sai yadda hali ya yi. Ba mai yi masa dariya, don kusan kowa haka ya gina nasa. Amma akwai abu biyu da ba a gyara su daga baya sai da rushe-rushe: girman fili da ƙarfin fandisho. Wanda ya zuba fandishon bene, ko yau ba shi da kuɗin bene, wata rana zai hau. Wanda ya zuba na ɗaki ciki da falo, a nan zai tsaya.

Haka muke haɗa kwamfuta, kuma dole ce ta sa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da 500 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a cikin 2024, alhali ko sukurun kwamfuta da dala ake shigo da shi. Ƙalilan ne a cikinmu za su iya sayen komai rana ɗaya. Yau RAM giga 8, bayan Kirsimeti ko bayan Sallah a ƙara wata 8, baɗi katin hoto. Ƙara RAM aikin minti biyu ne. Ƙara SSD sukuru ɗaya ne. Sauya madabod kuwa kwance gida ne gaba ɗaya, kuma sau da yawa furosesa da RAM tare da shi suke tafiya. Madabod shi ne filinka, shi ne fandishonka. Abin da kake saye a ranar shi ne abin da za ka iya ƙarawa nan da shekara uku ko biyar.

Wannan dama ta haɗa kaya daga kamfanoni daban-daban tana da asali. A 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa ta PC da sassan da kowa ke iya samu a kasuwa, ya bar gurabe biyar na ƙara kati, ya kuma wallafa bayanin yadda aka tsara ta. A 1995 Intel ya kawo ma'aunin ATX, wanda ya tsayar da girman faifai, wuraren sukuru da tsarin shigar wuta. Shi ya sa yau bod ɗin ASUS ko Gigabyte ko MSI ko ASRock, waɗanda duk kamfanonin Taiwan ne, zai zauna a kesin da aka ƙera a wani wuri, ya sha wuta daga fawa-fak, wato akwatin ba da wuta, na wani kamfani dabam.

Tambayar farko ita ce, me za ka yi da kwamfutar? Mai shagon buga takardu da cike fom bukatarsa daban take da ta mai haɗa bidiyon biki. Mai zanen kalanda da katin gayyata a CorelDRAW daban, ɗalibin Kadpoly mai zanen gini a AutoCAD daban, yaron da ke haɗa wa mawaƙa kiɗa a sutudiyo daban, mai buga gem daban. Aiki ke zaɓen furosesa, furosesa ta zaɓi soket, soket ya rage maka bod ɗin da za ka duba daga ɗari zuwa goma. Wanda ya fara da bod don ya gan shi yana walwali da fitilu masu launi, ya sayi kwanon rufi bai san faɗin ɗaki ba.

Gida biyu ne ke yin furosesar kwamfutar tebur da za ku samu a kasuwarmu, Intel da AMD, kuma halinsu ya bambanta. Intel ba ya daɗewa a soket ɗaya. LGA1155 a 2011, LGA1150 a 2013, LGA1151 a 2015, LGA1200 a 2020, LGA1700 a 2021 wanda ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, sai LGA1851 a 2024. AMD kuwa ya fitar da soket AM4 a 2016, Ryzen ta hau kansa a 2017, kuma har cikin 2024 ana fitar masa da sababbin furosesa. Mutumin da ya sayi bod B450 a 2018 da Ryzen 5 2600, zai iya sabunta bayos ɗinsa, wato manhajar da ke tayar da bod, ya ɗora Ryzen 5 5600 da ta fito a 2022, bai taɓa RAM ba, bai taɓa kesin ba. Wannan shi ne fandishon bene da nake faɗa. A 2022 AMD ya koma AM5, daga baya kuma ya yi alkawarin zai ci gaba da yi masa furosesa har aƙalla 2027.

In kun tambaye ni ra'ayina, ga shi. Mai ƙaramin ƙarfi ya dubi AM4 da bod B450 ko B550, ko LGA1700 da bod B660 ko B760 mai cin DDR4. Kayansu sun wadata a kasuwa, sababbi da na hannu, kuma in wani abu ya lalace ba sai an yi jiran saƙo daga Legas ba. Sai dai ya sani cewa AM4 ya kai ƙarshen hanya, bayan Ryzen 5000 ba wata zuriya da za ta hau shi. Mai hali, wanda aikinsa ke biyansa da kyau, ya je AM5 da bod B650. Kuma a kowane hali, kafin ka miƙa kuɗi, buɗe shafin kamfanin da ya yi bod ɗin a wayarka, ka nemo jerin furosesar da yake ɗauka, ka ga sunan taka da idonka. Ko a cikin AM4 ɗin akwai tarko, domin B550 da A520 ba a yi su don Ryzen 1000 da 2000 ba. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai wani bod da ya cika kasuwa, H61, mai soket LGA1155. Yana da araha, yana aiki, kuma ya ciyar da shaguna da yawa, ban raina shi ba. Amma tsarin 2011 ne, RAM ɗinsa DDR3, ba ya wuce giga 16. Ga kuma Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida tana neman Intel zubi na 8 zuwa sama ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da TPM 2.0. Na san ana yi mata dabara ta hau tsofaffin injuna, amma mai shagon da yake riƙe da takardun mutane da lambobin bankinsu bai kamata ya kafa sana'arsa a kan dabara ba. Wanda yake da H61 a gida ya ci gaba da mora, ko ya sa masa Linux. Wanda zai fara gini yau, kada ya fara daga nan.

Wani kuskure da ke yawan zuwa mini: mutum ya ga ramin HDMI a bayan bod ya ɗauka hoto ya samu. Ramin ƙofa ce kawai, hoton daga cikin furosesa yake fitowa. Intel mai harafin F a ƙarshen suna, kamar i5-12400F, ba ta da hoto a ciki. A AM4 kuma, Ryzen 5 5600G tana da shi, Ryzen 5 5600 ba ta da shi. In ba ka da kuɗin katin hoto yanzu, harafi ɗaya ne tsakaninka da kwamfutar da za ta yi wata shida a rufe da zane.

RAM iri uku za ku haɗu da su, DDR3 da DDR4 da DDR5, kuma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, amma tsagar da ke tsakiya ba wuri ɗaya take ba, don haka in ta ƙi shiga kada ka danna. AM4 sai DDR4, AM5 da LGA1851 sai DDR5. LGA1700 ne mai fuska biyu, akwai bod ɗinsa na DDR4, akwai na DDR5, sai ka karanta kwali. Ina ba da shawarar bod mai gurbin RAM huɗu ga duk wanda zai riƙa ƙarawa sannu-sannu. Mai gurbi biyu, ranar da ka so ƙari sai ka cire na ciki ka sayar da hasara. Kuma sanda biyu na giga 8 sun fi sanda ɗaya na giga 16 gudu, musamman in hoton cikin furosesa kake amfani da shi, domin daga RAM yake ci. A yawancin bod mai huɗu, gurbi na biyu da na huɗu daga gefen furosesa ake fara cikawa.

Haruffan cifset ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. H610 na Intel da A520 ko A620 na AMD su ne na ƙasa. B shi ne na tsakiya. Z na Intel da X na AMD su ne na sama, an yi su ne don masu tilasta wa furosesa gudu fiye da ƙa'idarta da masu ɗora kaya barkatai. A cikin goma da ke zuwa wurina, tara B ya ishe su. Girma ma haka: ATX santimita 30.5 ne da 24.4, microATX 24.4 kowane gefe, Mini-ITX 17 kowane gefe. Ƙaramin yana da ban sha'awa a kan tebur, amma ya fi tsada, gurbinsa na kati ɗaya ne, kuma kesinsa matsattse ne. Ni microATX nake ɗaukar wa mutane, in sa shi a kesin mai faɗi ya sha iska. Ka tabbata akwai gurbin M.2 na SSD irin NVMe, in biyu ne ya fi. Ka juya bayan bod ka ƙirga ramukan USB da yawan kayanka, firinta da sikana da kibod da sauransu. In tsohuwar monita mai VGA gare ka, duba ko ramin yana nan, don sababbi da yawa sun daina sa shi.

Yanzu na zo inda nake so ku buɗe kunne, domin masu yin bidiyon kwamfuta a Turai da Amurka ba za su faɗa muku wannan ba. Su a ɗaki mai sanyi suke gwaji, da wutar da ba ta rawa. Mu kuwa a watan Maris da Afrilu, shago mai rufin kwano a bakin titin Kachia, ku kun san yadda yake da tsakar rana.

Ku dubi gefen soket, za ku ga wasu ƙananan dunƙulalli a jere, sun yi wa furosesa zobe ta sama da ta hagu. Ana kiransu VRM. Fawa-fak na turo bolt 12, furosesa kuwa abin da take ci bai fi bolt ɗaya da 'yan kai ba, su ne ke sauke wutar su tace ta. Aiki ne mai zafi. A bod mai kyau za ka ga an ɗora musu ƙarfe mai tsaga-tsaga yana kwashe zafin. A bod na can ƙasa tsirara suke. In Core i3 ce ko Ryzen 5 mai sauƙin ci, tsiraran ma za su iya. Amma ka ɗora Core i7 a kan H610 marar ƙarfe, ka sa ta fitar da bidiyon biki na awa biyu a watan Afrilu, VRM zai yi zafi, bod ya rage wa furosesa gudu don ya tsira da ransa. Ka biya kuɗin doki kana tafiyar jaki. A nan ne kawai nake cewa a ƙara kuɗi a kan bod ba tare da ciniki da zuciya ba: in za ka zaɓa tsakanin fitilu masu launi da ƙarfen VRM, ɗauki ƙarfe.

Sai wuta. A shekarun da na yi ina wannan aiki, madabod da ya mutu don tsufa kaɗan na gani. Yawanci kashe su ake yi, kuma mai kisan ta waya yake shigowa. A ɗauke wuta, a dawo da ita da ƙarfi. A juya daga Nefa zuwa janareta ba a kashe kwamfuta ba. Fawa-fak marar suna, wanda aka rubuta wat 650 a jikinsa amma in ka ɗaga shi kamar gwangwanin madara da aka shanye, shi ne ke buɗe wa ɓarna ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gara ka sayi bod matsakaici da fawa-fak na gari, da ka sayi bod na alfarma ka jona shi da na bogi. Karanta takardar da ke jikin fawa-fak: wanda aka rubuta yana karɓar bolt 100 zuwa 240 ya fi jure wutarmu in ta yi ƙasa da wanda aka rubuta 200 zuwa 240. Ka sa UPS a lissafinka tun ranar farko, kamar yadda mai gini ke sa kuɗin ƙofa. A cikin bayos akwai wurin da ake gaya wa kwamfuta abin da za ta yi in wuta ta dawo bayan ɗaukewa. Ka saita ta ta zauna a kashe har sai ka kunna da hannunka. Da damina kuma, in hadari ya haɗo, cire filogi daga bango, ka cire wayar intanet in kana da ita, don tsawa na bin ta nan ma.

Maganar bayos ta tuna mini. Sabunta shi wani lokaci wajibi ne. B450 da ya daɗe a shago ba zai gane Ryzen 5000 ba sai an sabunta. A 2024 da aka gano wasu furosesar Intel zubi na 13 da 14 suna lalacewa saboda yawan wutar da suke nema, ta hanyar sabunta bayos aka raba maganin. Amma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabuntawa, bod na iya suma ya ƙi farfaɗowa. Kada ka taɓa yin wannan aiki a kan wutar Nefa zalla, sai a kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Akwai bod masu wani ɗan maɓalli a baya da ke sabunta bayos daga filas ko babu furosesa a kai. ASUS na kiransa BIOS FlashBack, Gigabyte na kiransa Q-Flash Plus. A ƙasa irin tamu wannan maɓalli ya fi ƙarfin ado, don sau da yawa shi ke tayar da bod ɗin da ya suma.

Hunturu kuma da nasa. Ƙura ta toshe fanka, ta kwanta a gurbin RAM, kwamfuta ta fara kashe kanta. Bulowa sau ɗaya a wata ta isa, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyawa. Sannan wannan ɗan tartsatsin da kake ji in ka taɓa ƙofar mota a watan Janairu, kai cizon sauro ne a wurinka, amma yana iya kashe abu a jikin bod. Taɓa ƙarfen kesin kafin ka taɓa kaya, ka riƙe bod ta gefe-gefe.

Na san yawancinmu Tokumbo, wato na hannu, za mu saya, ko daga shagunan cikin gari wajen titin Ahmadu Bello, ko a aiko mana daga Computer Village ta Ikeja, ko daga titin Beirut a Kano. Ba aibi ba ne, na haɗa kwamfutoci masu yawa da bod na hannu suna nan suna aiki. Amma sayen na hannu da ido ake yi, ba da kunne ba. Fitar da shi waje cikin hasken rana. In na Intel ne ko AM5, alluran a jikin soket suke, sirara kamar gashi, sama da dubu. Karkata bod ɗin ka ga ko haske ya kwanta a kansu bai ɗaya. Inda ka ga wani ɗigo ya bambanta, allura ta lanƙwashe. In AM4 ne alluran a jikin furosesa suke, can za ka duba. Shinshina shi, ƙauri ba ya ɓuya. Juya bayansa ka nemi tabon ƙuna, ko tsatsa, ko wurin da dalma ta yi sabon ƙyalli, alamar an taɓa gyara. Dubi kafasito, ko akwai wanda kansa ya kumbura. Tambayi farantin ƙarfen da ke rufe baya, don in babu shi ƙura da ƙwari sun samu ƙofa. Daga nan a kunna a gabanka, da furosesarka in da hali, a shiga bayos, a gwada kowane gurbin RAM ɗaya bayan ɗaya, a soka filas a kowane ramin USB. In kwanan wata na komawa baya, wannan ƙaramin abu ne, batirin CR2032 ne ya mutu, irin na agogo. Mai kayan da ya ƙi a gwada, ya riga ya ba ka amsa. Kuma a rubuta maka rasit da lambar jikin bod da kwanakin garanti, ko bakwai ne.

Ku yi hattara da bod ɗin da aka ciro daga kwamfutocin ofis na HP da Dell. Masu ƙarko ne a gidansu, amma da yawansu ba su bi ma'aunin ATX ba: maimakon filogin wuta mai haƙora 24 za ka ga mai 6 ko 8, wuraren sukuru da wayar maɓallin kunnawa ma nasu ne na kansu. In kana son irinsu, sayi kwamfutar gaba ɗayanta, ka ƙara mata RAM da SSD. Ga mai shagon buga takardu, sau da yawa wannan ma ya fi masa sauƙi da haɗa sabuwa, kuma ina faɗa wa masu zuwa wurina haka ko da ni ne zan rasa aikin. Akwai kuma bod masu suna X79 da X99 da ake tallarsu a intanet tare da tsohuwar furosesar Xeon a farashi mai jan ido. Da yawansu da cifset ɗin da aka ciro daga tsofaffin injuna ake haɗa su, suna cin wuta, kuma ba su cikin jerin Windows 11. Wanda yake biyan kuɗin mita ko yake zuba wa janareta mai, ya lissafa wannan. Araha ba ta ado.

Ranar haɗawa, kada ka yi gaggawar sa bod a kesin. Ɗora shi a kan kwalinsa, sa furosesa da fanka da RAM ɗaya, jona wuta da monita, ka ga ya tashi tukuna. In yana da ƙananan fitilu huɗu masu nuna inda matsala take, furosesa ko RAM ko hoto ko ajiya, to ka samu mataimaki. A cikin kesin kuma, ƙananan ginshiƙan tagulla da bod ke zama a kansu su yi daidai da ramukansa, kada ko ɗaya ya yi rara a ƙarƙashi, don ginshiƙi ɗaya a wurin da bai dace ba ya isa ya haɗa wuta. Littafin da ke cikin kwali kuma karanta shi ake yi, ba a shimfiɗa shi a zuba sukuru.

Ina da roƙo ga 'yan'uwana masu sayar da kaya. Yaro ya zo ya ce a ba shi LGA1151, tambaye shi wace furosesa gare shi. Daƙiƙa biyar ce. Ribar bod ɗaya ba ta kai cinikin da zai kawo maka na shekara goma ba, shi da abokansa, in ya gane kai ne ka hana shi faɗawa rami. Ku kuma iyayen gida masu shaguna, ku bar yaranku su taɓa kaya. Kowane shago yana da mataccen bod a ƙarƙashin tebur. A ba su su koyi sa furosesa da cirewa a kansa har hannunsu ya faɗa, kafin su taɓa na mutane. 'Yan matan da nake gani a layin baya, wannan sana'a taku ce kamar yadda take ta kowa, kuma aikin allura da natsuwa take so.

Ƙannena, daga yau duk wanda zai je sayen madabod ya tafi da takarda a aljihu mai ɗauke da cikakken sunan furosesarsa har harafin ƙarshe, da irin RAM ɗinsa, da girman kesinsa. Na zo da fawa-fak da monita da RAM iri uku, suna kan teburin can. Wanda ya taho da bod ɗinsa a jaka ya matso da shi gaba, mu duba shi tare, mu kunna shi kowa yana gani.